Rasuwar Murtuke, Farantin Solar da Wanka Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora a cije, ni mai kiwon kaji ta gidan ƙarshen layi nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar farantin solarmu, wanda aka fi sani da Murtuke. Ya rasu ranar Laraba da rana tsaka a kan rufin ɗakin ƙyanƙyasa, yana da shekara huɗu da wata biyu. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, ba tsawa ba ce. Wanka aka yi masa.

Marigayin bai taɓa yin ƙyalli ba tsawon rayuwarsa, shi ya sa ya ci wannan suna. Ranar da aka ɗora shi na yi ƙorafi cewa fuskarsa ta cika duhu, sai mai haɗa sola ya ce da ni: "Hajiya, duhun nan shi ne amfaninsa. An shafe gilashin da wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, silin gashi ma ƙato ne a kansu. Su ke hana hasken rana ya buga ya koma sama. Gilashin da kika ga yana ƙyalli, ranar yake mayarwa. In za a goge shi, ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe, shi ke nan."

Haka muka zauna lafiya. Ko ranar da hadari ya rufe sama, Murtuke yakan tattaro ɗan abin da ya samu ya tura wa batir. Ta bakin inbata yake magana, wani siririn zuuu da na fi sabawa da shi a kan muryar maigida.

Ajali ya shigo gidan nan da jaka ɗaya, a siffar yayan maigida, wanda ya yi shekara talatin yana wankin mota kafin gwiwa ta sallame shi. Kwana uku ya ce zai yi, yau wata biyar. Ya goge mana ƙofa, ya goge tukwane har gindinsu ya yi sirara. Sau biyu ina ganin yana ɗaga kai yana harare-hararen rufi, sau biyu ina ce masa, "Yaya, don girman Allah, wancan ba a goge shi." Ya ce to.

Ranar Litinin na fita sayo abincin kaji. Ina dawowa na tarar da maƙwabciya ta kare ido da hannu, wani haske daga rufinmu yana dukan tagarta. Ga Yaya a sama, ya durƙusa a kan marigayin da gwiwoyin nan biyu waɗanda aka ce ba sa aiki.

"Ƙanwata, hau ki ga fuskarki!" in ji shi. "Shekara huɗu kuna zaune da dauɗa. Taurin kai gare ta, sai da na sa soson ƙarfe da man goge mota ta fita."

Kafin in buɗe baki ya kwara masa bokitin ruwan sanyi, gilashi kuwa ya sha rana tun safe. Ji na yi ƙas.

Jinyar kwana biyu Murtuke ya yi. Tsaga ɗaya ta zama biyar, ruwa ya shige ciki, batir ya daina cika. Zuuu ta koma ƙit, ƙit, ƙit, sannan shiru. Maigida ya ce in yi haƙuri, da kyakkyawar niyya aka yi. Na ji. Ban haƙura ba, kuma kada wani mai ta'aziyya ya sake kawo mini maganar niyya.

Marigayin ya bar batir ɗaya a galabaice, da inbata, da ƙwan fitila uku. Ya kuma bar marayu: ƙwai ɗari da tamanin a cikin injin ƙyanƙyasa, waɗanda ya ɗumama kwana goma sha takwas, saura uku su fito. Mai haɗa sola ya ce sabon faranti ba zai iso ba sai Litinin. Tun jiya da kwalaben ruwan zafi nake riƙe da ransu, duk awa ɗaya ina canzawa. Da safiyar nan na kara kunnena a jikin ɗaya, na ji ana motsi daga ciki, sai da na yi hawaye.

Za a sauko da gawar yau Alhamis da la'asar. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi. Za a jingine ta a ƙofar ɗakin Yaya, tun da madubi yake so.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin ƙyanƙyasa, kowa ya zo da filas ɗin ruwan zafi. A nan za ku sami Yaya a kan kujera 'yar tsuguno, shi ya gaji aikin marigayin: dafa ruwa, canza kwalabe, kallon ma'aunin zafi, babu gyangyaɗi har Asabar. Idan 'yan tsaki sun fito, zan raka shi tasha da kaina, har in riƙe masa jaka. Idan kuma Asabar ta wuce shiru, zan shirya masa baragurbi ɗari da tamanin a cikin jakar, ya je gida ya goge su.