Ganyen da Na Tarar a Saman Benenmu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Riyad ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidana sun ɗaura aniyar tuna mini har in tsufa.

Lokacin ina aikin akanta a wani kamfanin gine-gine, muna haya a wani tsohon bene a unguwar Jaradiya. Matata Rukayya tana da tsohon ciki, likita kuma ya ce jininta na hawa, kada a kuskura a tayar mata da hankali. Shi ya sa na nemo wa mahaifiyarta bizar ziyara, Hajiya ta taso daga Gusau ta zo ta zauna da mu. To, kun dai san yadda ake tsakanin mutum da surukarsa. Gaisuwa ce daga bayan labule: in durƙusa, ta amsa, in tashi in ba ta wuri. Ko gishiri ne ya ƙare, sai ta gaya wa 'yarta, 'yarta ta gaya mini. Wata da watanni muna gida ɗaya, ban tuna ranar da muka haɗa ido ba.

Ana nan sai ga autan Hajiya, Nafi'u, wanda ke karatu a jihar Kolorado ta Amurka, ya zo hutu. Shi ma ni na nemo masa biza, da sunana da lambar iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar (ku riƙe wannan, za mu dawo kansa).

Ranar Juma'a mun ci shinkafa mun yi nak, muna shan shayi ni da shi, sai hira ta gangaro kan Amurka.

Ya ce, "Yaya, ai a jihar da nake yanzu shago ake buɗewa ana sayar da wiwi kamar kantin magani. Jama'a ne suka jefa ƙuri'a suka halatta ta."

Na ce, "Kai, tafi can! Ita gwamnatin Amurkar barci take yi?"

"Idonta biyu. A dokar tarayya har gobe babban laifi ne. Jiha ta ce sha abinka, tarayya ta ce in na kama ka ka shiga uku. Masu shagunan ma bankuna gudunsu suke yi, don banki dokar tarayya yake bi. In kuwa ka tsallaka da ita jihar maƙwabta, sai ɗauri."

Ni kuwa Allah ya yi ni da son gardama, musamman a kan abin da ban sani ba. Na gyara zama, na kawo masa misalin gida, yadda jiha za ta hana giya amma a shiga bariki a tarar ana sha, babu mai cewa uffan. Na yi ta fashin baƙi kan tsarin tarayya kamar da ni aka zauna aka rubuta shi. Yaron ya bar ni na gama, sannan ya ƙara da cewa har shukawa an yarda mutum ya yi a gidansa, 'yan tushe kaɗan, kuma wani maƙwabcinsa a tukunya yake rainon tasa kamar jariri. Ya ciro waya ya nuna mini hoto. Ganye ne mai yatsu-yatsu, gefensa kamar haƙoran zarto. Ranar na fara ganinsa da kyau.

Washegari da hantsi ina kwance a falo, sai na ga Nafi'u ya fito da bokitin ruwa, ya leƙo ya ga kamar idona a rufe, ya lallaɓa ya hau matakalar sama. Da ya sauko ya shiga wanka, ni ma na lallaɓa na hau. Rabona da saman benen nan tun ranar da aka ɗaura mana tauraron ɗan'adam.

A bayan tankin ruwa, ƙarƙashin wani tsohon zanen gado da aka yi rumfa da shi, na tarar da bokitan fenti a jere cike da ƙasa. A cikinsu wata shuka ce kore shar, ta kai mini ƙugu. Ganyenta yatsu-yatsu. Gefensa kamar haƙoran zarto.

Innalillahi! Wallahi sai da na dafa tankin. Nan fa Saudiyya ce, ba jiha, ba ƙuri'a, kuma kowa ya san abin da ake yi wa mai harkar ƙwaya. Na hango yaron nan a hannun hukuma. Na hango sunana a jikin bizarsa. Na hango Rukayya tana naƙuda, miji da ƙani suna kurkuku, Hajiya a tsaye a bakin asibiti ba ta jin Larabci. Tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ya kama ni.

(Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa yadda yaron da ya sauka kwanan nan ya shuka abin da ya kai ƙugu. Ni akanta ne, amma ranar lissafin ya gudu ya bar ni.)

Wa zan tambaya? Rukayya, likita ya hana. Nafi'u, na riga na yanke cewa musu zai yi. Hajiya kuwa, mutumin da bai iya tambayarta ko ta sha shayi ba, shi ne zai tsaya a gabanta ya ce ɗanta na noman wiwi? Sai na yanke hukunci ni kaɗai. Na tuge su tas, na cusa a baƙar ledar shara, na sauka da sanɗa, na jefa a but ɗin mota.

Niyyata in kai ta nesa da unguwarmu. Ina dosar kasuwar Batha sai ga shingen bincike, motoci sun yi layi. Ban san na haddace addu'o'i da yawa haka ba sai ranar. Ɗan sandan ya leƙo ya ce, "Iƙama." Na miƙa masa katin banki. Ya dube shi, ya dube ni, gumi na zuba kamar an kwara mini ruwa alhali na'urar sanyi na aiki. Na lalubo iƙamar da ƙyar. Ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce zafi ne. Ya ce, "Yalla," wato in wuce, ya ɗaga mini hannu. A bayan kasuwa na sami wata babbar bola, na waiga hagu da dama, na wurga ledar, na ja mota ina jin kaina wani gwarzo da ya ceci zuri'a guda.

Da na dawo gida na kira Nafi'u falo. Na so in yi magana a hankali, amma abin da ke cina ya fi ƙarfin muryata.

"Kai yanzu don Allah ba ka da tausayi? Nan ka ga ta yi maka kama da Kolorado? Nan gwamnati ɗaya ce, doka ɗaya ce, babu wata jiha da za ta tsaya maka! Ko ba ka tausaya mini ba, ba ka duba 'yar'uwarka? Ba ka duba tsohuwar nan? To, na ga abin da ka shuka, na tuge, na zubar. Ka gode wa Allah ni na fara gani!"

Yaron ya saki baki yana kallona. Ya ce, "Yaya, wace shukar?"

"Ta bayan tanki! Kada ka raina mini hankali!"

 Sai labulen ɗaki ya ɗan motsa, na ji muryar Hajiya, a natse, ba da ni take ba, da 'yarta take.

"Ke Rukayya, tambayi mai gidan naki, ina ya kai mini ramata?"

Rama. Jama'a, rama! Ashe tun farkon zuwanta ta ga 'yarta na kwaɗayin kwaɗon rama, an zagaye Batha ba a samu ɗanya ba, ita kuwa ta taho da iri a ƙulle a bakin zani. Ta taɓa ji ina mitar cewa mai gidan hayar ba ya son a zuba ruwa a sama, sai ta ce kada a dame ni. Ita ke hawa da kanta tana ban ruwa in na tafi aiki, da gwiwa ta matsa mata ta ɗora wa auta. A ranar ma aka shirya tsinka, har an daka ƙuli. Ni kuwa ɗan birni, rama a kwano na san ta, an dafa an kwaɗanta. Ban taɓa sanin akwai mai yatsu ba.

Nafi'u ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Rukayya, wadda nake ta kare wa hawan jini, ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa ina durƙushe ina fuskantar labule, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma can cikin raina wani sanyi nake ji. Ba kurkuku, ba kora, yaron kirki ne, ni ne dai sakaran.

Haka na koma Batha da rana tsaka na shiga bola ina kokawa da maguna, har na gano ledata. A hanyar dawowa aka sake tsayar da ni, kuma wannan karon, da yake ba ni da abin tsoro, sai aka ce in buɗe but. Ɗan sandan ya zaro ganye ɗaya ya ɗaga, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Na ce 'yar'uwar karkade ce, zoɓorodonsu ke nan, na tsinki guda na tauna a gabansa kamar akuya. Ya shinshina, ya ɗan ciza, tsami ya kama shi ya yamutsa fuska, ya ce in kwashe abina in tafi.

Da yamma aka wanke ta wanki mai kyau, aka yi kwaɗo. Rukayya ta kawo mini nawa tana danne dariya, ta ce, "Hajiya ta ce a gaya maka ka ci a hankali, kada ta bugar da kai."

Na cinye tas, ban ɗago kai ba.

Rukayya ta sauka lafiya, an sami 'ya mace. Ragowar irin kuwa aka sake shukawa, kuma kun san wanda aka ɗora wa ban ruwa safe da yamma. Tun daga ranar na daina yi wa mutane fashin baƙi kan rikicin jiha da tarayya, don na gane shi a aikace. Ni dai gwamnan jiha ne a gidana, ina iya kafa doka in yi ta faɗa a falo. Amma kafin in sake tuge ko ciyawa ce, sai na aika an tambayo gwamnatin tarayya a bayan labule.