Bokitin Suruka da Layin Tayil

Wani ne, irin mutanen nan da ba a taɓa kawo aikin da za su ce ba su iya ba. Fanka ta tsaya, ya iya. Famfo yana ɗiga, ya iya. Har 'yan layinsu suka manta da sunansa, sai Na-iya. Ita fankar kuwa tun da ya kwance ta tana cikin buhu a bayan ƙofa.

To yana da suruka, uwar matarsa. Baiwar Allah ba ta faɗa, ba ta habaici. Hali ɗaya gare ta. Duk gidan da ta sauka, kafin ta dubi fuskar mutum sai ta dubi ƙasa. In ta ga abin da bai yi mata ba, ba za ta ce uffan ba. Za ta ajiye jaka, ta nemi bokiti da tsumma, ta duƙa. Kai kuma maigida kana tsaye da gaisuwa a baki, sai dai ka ɗaga ƙafa a goge ƙarƙashinka. Wannan abu ya daɗe yana yi wa Na-iya ciwo.

Ran nan matarsa ta ce, "Maigida, Mama na tafe gobe. Ka dubi layin simintin da ke tsakanin tayil ɗin falon nan, duk ya yi baƙi ƙirin. Na goge har na gaji. A kira mai tayil ya duba mana."

Ya ce, "Mai tayil? Alhali ina cikin gidan nan? Shi hannu nawa gare shi da ya fi nawa?"

"Haka ka ce ranar fanka."

"Fanka daban, ƙasa daban. Ki rubuta ki ajiye, gobe Mama za ta shigo falon nan ta zauna ba ta taɓa bokiti ba. In ta taɓa, ki daina ce mini maigida."

Ta ce, "Allah ya kai mu."

Ya tafi shagon kayan gini. Mai shago ya miƙo masa jarka biyu, ya ce, "Wannan na wanki ne. Ka zuba a layin, ka goga da buroshi, ka bari ya bushe sarai. Wannan kuma na toshewa ne. Shi ake shafawa daga ƙarshe, ya rufe simintin kamar leda, ruwa ba ya shiga, datti ba ya shiga. Ka gane? Wanki tukuna."

Na-iya ya ce, "Malam, ni kake koya wa?"

A hanya ya yi ta nazari. Ya ce a ransa, ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne, sayarwa ya sani, bai san dabara ba. In ɓarawo ya shigo gida, ai ƙofa ake fara kullewa kafin a fara duka. In na fara da wanki, dattin nan zai gudu daga wannan layi ya koma wancan. Gara in toshe shi a inda yake, ya rasa hanyar fita, sannan in far masa.

Yana zuwa gida ya durƙusa. Ya bi layi-layi da na toshewa, ya shafe tas. Ya ga jarka da saura, ya sake bi. Ya ga har yanzu da saura, ya ce ai ba a bar wa abokin gaba taga, ya ƙarasa juyewa.

Matar ta leƙo daga kicin. "Ban ga ya yi fari ba."

"Kamawa nake. Gobe ne hukunci."

Da gari ya waye, layin nan ya bushe, ya yi baƙi mai sheƙi kamar sabon takalmi. Matar ta shirya za ta tasha ɗauko uwarta. Ta dubi ƙasa, ta dube shi, ta fita. Da ma an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na-iya ya naɗe wando, ya tuttula ruwan wanki, ya kama buroshi. Ya goga, ya goga. Ruwan sai ya tsaya a kan layin ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa gefe. Dattin yana ciki yana kallonsa, ko gezau. Ya ɗauko buroshin haƙorin matar, gashin ya kwanta. Ya ɗauko nasa, shi ma ya bi sahu. Ya koma soson ƙarfe, soso ya ƙare a hannunsa. Gumi har cikin ido.

Ya ce, "To, ka ƙi fitowa da lalama. Za a rushe ɗakin da kai a ciki."

Ya ɗauko sukundireba da guduma. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya bi layin nan yana haƙa, datti na fita, siminti na fita. Maƙwabcinsa ya ji bugu ya leƙo ta taga.

"Na-iya, lafiya? Rijiya kake haƙawa a falo?"

"Shara nake."

"Da guduma?"

"Kowa da irin tsintsiyarsa."

Kafin rana ta take, babu sauran baƙi a falon. Babu kuma sauran siminti. Tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa rami ne, kamar bakin tsoho. In ya taka nan, can ya ɗaga. In ya taka can, nan ya ce ƙwal. Ana cikin haka waya ta yi ƙara, matar ce. "Motarsu ta kusa, mun yi magana. Yaya aiki?"

"An ci ƙarfinsa."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Siminti ba zai bushe kafin su iso ba, ba shi ma da shi. Ya shiga banɗaki ya wanke fuska, sai idonsa ya faɗa kan man goge baki. Fari ne. Yana da kauri. Ga shi da ɗan bakin matsawa daidai faɗin layi, kamar don aikin aka yi shi. Ya ce, "Allahu Akbar, masu ilimi suna wahalar da kansu a banza."

Na gida ya ƙare a layi biyu. Ya ruga kantin bakin titi ya ce a ba shi duk wanda ke kan kanta. Mai kanti ya zuba masa a leda yana leƙen bakinsa.

"Maigida, wai haƙora nawa gare ka?"

"Baƙi za mu yi."

Ya dawo ya bi layi-layi yana matsawa, yana lailayewa da ɗan yatsa. Jama'a, in gaya muku gaskiya, falon nan ya yi kyau. Layi fari tas, miƙe sambal, ga wani ƙamshi mai sanyi da ke shiga har cikin ƙwaƙwalwa. Tayil ɗin da suka fi rawa ya ɗora musu kujeru da tebur. Sauran ya haddace su, ya fitar da hanyar da za a bi lafiya. Ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya tsaya a bakin ƙofa.

Suka iso. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya karɓi jaka. "Mama, ta nan za ki bi. A'a, nan. Yawwa, sai ki ɗan karkata hagu."

Suruka ta bi shi a karkace har tsakiyar falo. Ta dubi ƙasa. Ta dubi kusurwa. Ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ta shaƙi iska, ta ce wa 'yarta, "Ƙamshin me nake ji?"

Na-iya ya yi caraf. "Sabon magani ne, Mama. Bai ma gama shigowa kasuwa ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ajiye mayafi. Ta zauna.

Ta zauna fa, ba bokiti, ba tsumma. Matar ta saki baki. Na-iya ya ji kamar an ba shi kujerar mulki. Ya dubi matarsa ya ɗaga gira, ya ce, "Ke zauna ki huta, yau ni zan kawo wa Mama ruwa da hannuna."

Ya shiga kicin ya ciko babban kwano da ruwan sanyi, ya ɗora a tire. Ya fito ƙirji a gaba, kai a sama, yana murmushi. Daɗi ya sa ya manta haddarsa. Ya taka gefen wani tayil, tayil ya miƙe tsaye, tire ya yi sama, shi ya yi ƙasa. Ruwa ya malale falo.

Kafin ya tattara ƙafafunsa, suruka ta riga ta san inda bokiti yake.

"Mama, bari. Don Allah bari, zai bushe da kansa."

Ina. Ta duƙa ta ja tsumma sau ɗaya, kumfa ta taso. Ta sake ja, kumfa ta ƙaru. Ta bi layi da ƙarfi, kumfa ta haɗiye mata hannu, ta hau ƙafar kujera, ta doshi ƙofa. Tayil na ƙwal-ƙwal a ƙarƙashi, ƙamshi ya cika gida har ido na yaji. Ta tsaya. Ta lakato kumfar da yatsa ta sunsuna. Ta dubi surukinta zaune dirshan cikin fararen kaya, kwano kife a cinyarsa. Sannan ta juya wajen 'yarta.

"Ke, tsayuwar me kike yi? Falon mijinki ya gama goge baki, kawo masa ruwa ya kurkure."