Rasuwar Hajiya Tirela, Uwar Ɗakin Dokin da Babu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Saffana, matar Alhaji Shehu mai shagon fitilu a benen Tianxiu, nake sanar da Hausawan Guangzhou rasuwar Hajiya Tirela. Ta cika ranar Laraba a filin masana'antar da aka haife ta a Panyu, bayan doguwar jinya. Ta bar duniya ba ta taɓa taka kwalta ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, tirelar ɗaukar dawaki ce mai ɗakin kwanan mutum a gaba. Tana da gado, da murhu, da banɗaki, ga rumfar dawaki biyu a baya shimfiɗe da roba, wai kada kofato ya ji zafi. Haƙuri kam sai Hajiya. Inda aka ajiye ta, nan ta zauna har ajali ya zo. Ba mu taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ƙiiii idan an buɗe ƙofa, sai ɗis, ɗis idan ana ruwa.

Ranar da muka je saye, tana tsaye kusa da ƙanwarta, ƙaramin ɗakin nan da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura. Ni dai ƙanwar na nuna. Da ita na yi niyyar komawa gida: in ɗora ta a motar yayana, in riƙa cin kasuwar Wudil da ta Dambatta da atamfofina, in kwana a ciki, ranar Juma'a in kwana da 'yata Yalwa, wadda na bari wurin Inna tun tana rarrafe. Alhaji ya taɓe baki, wai wannan ai akurki ne. Ya shafa gefen tirela, wai 'yan polon Kano har layi za su yi don haya. Jama'a, mutumin da ko jaki bai taɓa hawa ba! Mai masana'anta ya yi ta tafi, ni ma aka ce in yi murna.

Ciwon ajali ya kama ta ranar lodi. Aka kawo kwantena, Hajiya ta fi ƙofar kwantenar tsayi. Ashe Alhaji ya auna gado, ya auna madubi, kwantena ce kawai bai auna ba. Aka sace iskar tayoyi, aka kwance su gaba ɗaya, ta ƙi shiga. Muka koma a musanya mana da ƙanwar, aka ce meyo, wato babu da Sinanci, wani ɗan Maraɗi mai hankali ya ɗauke. Alhaji ya ce jirgin ruwan da ke ɗaukar motoci a buɗe yana nan tafe wata mai zuwa. Wata mai zuwan nan ya ci damina uku. Duk lokacin da bangayen gidajen garin nan suka fara zufa saboda laima, sai funfuna ta hau katifa, tsatsa ta kama gindi, har ranar Laraba ƙasan rumfar ya rufta.

Marigayiya ta bar miji ɗaya mai taurin kai, tayoyi huɗu sababbi fil, sirdi da linzami na dokin da ba a haifa ba, da kyankyasai masu yawa. Ban da kyankyasan, mai rai ɗaya ne ya taɓa kwana a rumfar dawakinta, shi ne Alhaji, makon da na kulle masa ƙofa. Yalwa kuwa ta shiga makaranta. Idan na kira waya, Anti take ce mini. Wannan kam ya ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar a Panyu. 'Yan gwangwan ne za su yi mata sutura da wutar walda. Zaman makoki a shagon Alhaji, kuma ana roƙon masu ta'aziyya su zo masa da igiyar awo. Ni kada a neme ni. Jirgina zai tashi da safiyar ranar, akwatuna biyu, na auna su da kaina. Zan je in gaya wa yarinya ko ni wace ce.