Ɗan'uwana Tarwaɗa

Shekarar da nake neman ƙarin girma a jami'a a Wudil, na sayo tarwaɗa a hannun masunta don in binciki ƙwayoyin halittarta. Sakamakon ya girgiza ni: a jikin kifin akwai DNA irin na ɗan Adam sak. Sau uku ina maimaitawa, bai canza ba.

Ban nemi shawarar kowa ba. Na ɗinka sabuwar babbar riga, na tara malaman sashe da ɗalibai, na yi awa guda ina bayani, har ina ɗan dakatawa don masu son tafi su samu dama.

Da aka zo tambayoyi, Malama Hadiza mai kula da ɗakin gwaji ta ɗaga hannu daga can baya.

"Dakta, ranar da ka haɗa samfurin nan, akwai takunkumi a bakinka?"

Babu. Ranar ɗalibai sun kewaye ni, ni kuwa ina ta zuba musu ilimi a kan kwalabe a buɗe.

Shugaban sashe ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. Aka gwada yawuna, ya dace daidai. Ashe wata shida na yi ina binciken kaina.

Har yau in muka tsaya sayen soyayyen kifi a bakin gada, sai wani abokin aiki ya riƙe mini hannu a hankali: "Haba Dakta, ka ji tsoron Allah. Zumunci fa."