Danna Ɗaya Idan Komai Lafiya Lau

Jiya na yi tafiyar mil casa'in zuwa kwalejinmu don in sauke wa manya kwandon rashin mutunci. Na dawo da kwandona a cike, har an ɗora mini ƙari.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekarata ashirin da shida ina aiki a gidan ruwan garin nan. Da kunne nake gane injin da zai mutu. Bara aka fito da sabuwar doka, wai duk mai taɓa injin ruwa sai ya mallaki takardar shaida, in babu, ƙarshen Mayu ya miƙa makulli. Shi ne ni Vernon Hruska, da furfurata, na shiga karatu daga gida ta kwamfuta. Darussa uku na haye da ƙyar. Lissafi ne ya shaƙe mini wuya, jarrabawar ƙarshe kuma ranar Juma'a ce.

Mako goma sha ɗaya ina zaune a teburin kicin, ina kallon lambobi suna kallona. Matata Joyce ta ce, "Vernon, ka nemi taimako mana."

Na ce, "Wajen wa? Mutanen da ko sunana ba su sani ba?"

Maƙwabcina Merle kuwa ya samu abin yi. Da ya hango ni ta kan shinge sai ya ɗaga hula: "Farfesa! Yaushe za a fara biyan kuɗi kafin a gaishe ka?" Wannan Merle ɗin, ranar da muka binne matarsa Darlene a watan Maris, duk wanda ya tambaye shi ya yake sai ya ce ba laifi, ya juya maganar kan ko za a samu ruwan sama.

To na isa kwaleji. Kai jama'a, manya sun yi aiki! Sabon gini na gilashi, sunansa Cibiyar Nasarar Ɗalibai, ga ruwa yana ta tsalle a tsakar fili. Na ɗan saurara, injinsa ba zai kai kaka ba, amma ba wanda ya tambaye ni. A bango an rataya ƙaton allo da hoton Mai Girma Mataimakin Shugaba Mai Kula da Jin Daɗin Ɗaliban Nesa, haƙora a waje, an rubuta a ƙasa: kashi casa'in da bakwai cikin ɗari na ɗalibanmu na nesa sun ce komai lafiya lau.

Na ce a raina, yau zan ga maƙaryacin da ya ƙirga wannan.

Na nemi ganin Mai Girma. Aka ce yana bakin teku, wajen taron kwana biyar kan yadda za a kusanci ɗaliban nesa. Allah ya saka masa, ga nisan da ya yi saboda mu. Aka tura ni ƙasa, wani ɗaki marar taga kusa da tukunyar ɗumama gini, wajen wata Madam Lorna Pospisil.

Ban zauna ba na fara. Na ce mun gaji, an karɓe mu an watsar, ba mai leƙa mu, ba mai cewa ya kuke. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta juyo da kwamfutarta.

"Mista Hruska na gidan ruwa ko? Sannu da hanya. Kowace Litinin da safe muna tura saƙo a waya: yaya karatu? Danna ɗaya idan komai lafiya lau, danna biyu idan kana buƙatar taimako. Kana samu?"

Na ce ina samu.

"Me kake dannawa?"

Ga su nan a jere, ɗaya, ɗaya, ɗaya, har goma sha ɗaya. Wallahi sai na ji kujerar da ban zauna a kai ba tana kirana.

Na ce, "Madam, ai gaisuwa ce. Mutum ya tambaye ka ya kake, me za ka ce masa?"

Ku da kuka tashi a nan kun san ban yi ƙarya ba. Mahaifina injin yankan masara ya cinye masa yatsu biyu, likita ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi, akwai waɗanda suka fi shi. Mu ba a yi mu da kai kuka ba. Waya ta gaishe ni cikin ladabi, na amsa cikin ladabi.

Madam Lorna ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce da na danna biyu ko sau ɗaya, da tun makon farko malamin lissafi ya kira ni, kyauta, duk lokacin da na tashi aiki. Ta ce a da malaman lissafi huɗu ne. Da manya suka ga casa'in da bakwai ɗin nan, sai suka ce ai jama'a ba sa buƙata, suka sallami uku, suka buga allo.

Ashe maƙaryacin da na zo nema, ni ne. Ni da ire-irena muka ɗaga hoton Mai Girma da babban yatsa.

Ta ce, "To bari in tambaye ka baki da baki. Yaya karatu?"

Kafin in ankara bakina ya ce, "Ba laifi."

Ta naɗe hannu tana jira, tukunya tana ta gurnani a bayan bango. Na ɗauki injuna masu nauyi a rayuwata, ban taɓa ɗaga abin da ya kai wannan ba. Na ce, "Ban iya ba. Ko kaɗan ban gane ba. Kuma tsoro nake ji a karɓe mini makulli."

Ta ce, "Yauwa. Zauna."

Ta samo mini awa uku wajen malamin da ya rage, yau da gobe da jibi. Ko za su isa, Juma'a ce za ta faɗa.

Da na dawo da la'asar, Merle yana bakin shinge. "Farfesa! Yaya karatu?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce biyu me? Na kwashe labarin na ba shi, ina jiran ya yi dariyar da zai kai shagon kofi gobe da safe. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon igiyar shanyar Darlene, sannan ya ce, "Ni ma ɗaya nake dannawa tun watan Maris."

Joyce ta ƙara wa Merle faranti a teburinmu. Mai Girma, idan ka dawo daga bakin teku, a rage mutum biyu a allon nan, ko da yake ɗayan ba ɗalibinka ba ne.