Ganuwar da Na Kai Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa dattijo mai furfura ya yi kuka a gaban bangon siminti ba. Dattijon kuwa surukina ne, mahaifin matata.

A wani asibiti nake aiki a Jidda, ina zaune a unguwar Hindawiyya. Duk zuwana gida hutu sai na cika wa mutane kunne cewa babu lungun da ban sani ba a garin nan (alhali daga asibiti sai ɗaki, sai masallaci). Da Baba, wato surukin nawa, ya zo umara ya sauka wurina, buƙata ɗaya ya kawo. Mahaifinsa ya taho aikin hajji a ƙafa tun Baba yana goye, bai koma ba. Abokin tafiyarsa ne ya kai labari cewa ya rasu bayan sun bar Jidda za su Madina, an binne shi kusa da wata tsohuwar ganuwar dutse a bakin ruwa.

"Ba kabari nake nema ba," in ji Baba. "So nake in tsaya inda ya kwanta, in yi masa addu'a kafin ni ma a kwantar da ni. Ka san wurin?"

Ban san shi ba. Amma wa zai dubi surukinsa ya ce bai sani ba, bayan duk cika bakin nan? Sai na tuna wani gini mai hasumiya da na taɓa hangowa daga mota, can gaba da Abhur, a arewacin Jidda. Na sunkuyar da kai na ce, "Na san shi, Baba."

Aiki bai sake ni ba sai ranar da jirginsa zai tashi da yamma. Da safe na ari motar abokina muka kama hanya. Muka bar gidaje muka shiga fili, ga raƙuma, ga garken awaki, ga baƙaƙen duwatsu can nesa. Baba carbi kawai yake ja, yana kallon ƙasa kamar mai neman sawun wani.

Muka iso. Ga ganuwa, ga tafki a gabanta har da agwagi. (Agwagin nan ya kamata su farkar da ni.) Baba ya tuɓe takalmi, ya dafa bangon da hannu biyu. Ya roƙa wa mahaifinsa gafara, sannan muryarsa ta karye. "Ban san fuskarka ba," ya ce, "amma ga ni na zo." Ni ma na yi hawaye, har da ɗan jin daɗi a raina wai na fita kunya.

Sai ƙofa ta buɗe, mota ta fito maƙare da kujerun biki. Mai gadin wurin, Bahaushe haifaffen Jidda, ya ƙaraso.

"Salamu alaikum ya Hajj, khair? Lafiya? Wurin biki kuke so ku kama?"

Na ce masa ƙasa-ƙasa tsohuwar ganuwa muka zo gani.

"Wace tsohuwa? Wallah a gabana aka gina ta. Tafkin ma da tanka ake cika shi. Ƙal'ar, wato tsohuwar ganuwar da kuke nema, tana can ciki, nesa da nan. Yau kam halas, shi ke nan, ba za ku je ku dawo da wuri ba."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Baba ya share fuska da gefen hiraminsa, ya sa takalmi a hankali. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Muka isa filin jirgi, da zai shiga sai ya kama hannuna.

"Addu'a ba ta ɓatan hanya, ɗana, ta san inda yake. Amma 'ban sani ba' ba zagi ba ne."

Baba bai sake dawowa ba, kafin shekara ta zagayo ya rasu. Daga baya na nemo ganuwar ta gaskiya, kango ne a kan tudu, da tsofaffin rijiyoyi a ƙasa, ashe su ne ruwan da ake nufi. Duk wanda na gamu da shi a hanya sai da na tambaye shi. Na tsaya ni kaɗai na yi wa mutum biyu addu'a.

Yanzu ko masallacin unguwarmu baƙo ya tambaye ni, sai in ce masa, "Tsaya in tambayo."