Jan Kati a Makarantar Baba Kore

A'a, ku dakata tukuna. Duk ku masu yawo da maganar wai Kodineta bai san aikinsa ba, kun yi kuskure, kuma hassada ce ke cin ku. Mutumin nan ya san aikinsa sarai. Ku ne kuka ɗauka aikin nasa sauraron yara ne. Ina! Aikinsa shi ne a saurare shi, kuma a wannan fannin ba a taɓa yin kamarsa ba.

Waɗanda ba su san shi ba, ku gyara zama. A makarantar sakandaren Katolika da ke bayan babban coci akwai wata ƙofa da allonta ya fi ta faɗi, sai da kafinta ya ƙara katako ta gefe kafin rubutun ya shiga: Babban Kodinetan Lafiyar Ƙwaƙwalwa, Walwala da Kwanciyar Hankalin Ɗalibai. Da can malamin labarin ƙasa ne. Sai aka tura shi bitar kwana uku a wani otal. Ya dawo da satifiket, da jaka mai tambari, da sabuwar tafiya. Shi yana kiran kansa Likitan Zukata. Yara kuwa Baba Kore suke ce masa, za ku ji dalili.

Ofishin nasa, kai, sai wanda ya gani. Labule har ƙasa. Satifiket ɗin bitar nan guda ɗaya an buga shi gida uku an rataye a bango uku, don kada ka juya kai ka manta da wa kake magana. Kujera kuwa ɗaya ce tak, mai juyawa, tasa. Yaron da ya zo da damuwa a tsaye yake yin ta.

"Tsayuwa na taimaka wa jini ya kai ƙwaƙwalwa," in ji shi. "Kimiyya ce."

Shi dai nasa jinin ya riga ya kai tun a otal, shi ya sa yake zaune.

Abu ɗaya ne ya hana bawan Allahn nan sakat: Fada, limamin cocin. Duk Juma'a yara kan yi layi a ƙofar ɗakin furta zunubi, su shiga ɗaya bayan ɗaya, su yi raɗa, su fito fuska a sake. Shi kuwa ƙofarsa ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya leƙa. Rannan ya kasa haƙuri a ɗakin malamai.

"Ba raini ba, amma tsarin Fada tsohon yayi ne. Raɗa a bayan labule! Ina alƙaluma? Ina rahoto? Ni zan fito da damuwa fili, kowa ya gan ta."

Ya kuwa cika alkawari. Ya sa aka yanka kwali aka raba wa kowane ɗalibi kati uku. Kore, lafiya lau. Rawaya, da ɗan abu a rai. Ja, an shiga uku. Kullum a taron safe, ana gama addu'a, yara ɗari shida za su ɗaga kati sama, shi kuma yana ratsa layi da rajista yana ƙirga, kamar mai duba gona. Wanda ya ɗaga rawaya, lokacin tara ɗinsa ya tafi, zai tsaya a ofis ya sha lacca. Wanda ya ɗaga ja kuwa, za a kira sunansa da ajinsa ta lasifika, "domin a nuna masa kulawa nan take."

Cikin sati biyu rawaya ta ɓace daga makarantar kamar an yi mata allura. Yaron da zazzaɓi ke kaɗawa, kore. Wadda aka yi wa faɗa a gida ta zo idanu a kumbure, kore. Ku nuna min wani likitan da ya taɓa warkar da mutum ɗari shida da kwali. Ku nuna min, ina jira.

Akwai wata yarinya a ajin ƙarshe, 'yar tela. Mamanta na da shagon ɗinki kusa da tasha. Yayanta ne ke kawo ta makaranta a babur kullum, ya sauke ta daidai lokacin da ake kaɗa ƙararrawa, yana tsokanarta, "Ki gaida min littafi, Farfesa." A hutun da ya wuce mota ta buge shi, bai tashi ba. Tun daga ranar, da ƙararrawa ta kaɗa sai numfashinta ya sarƙe, hannu ya hau rawa, biro ma ya gagare ta riƙewa. Ga jarrabawar fita saura sati shida.

Laifinta ɗaya: tana yarda da maganar manya. An ce wanda ke cikin damuwa ya ɗaga ja. Ta ɗaga ja.

Baba Kore saura kaɗan ya taka rawa. Kwastoma! Lasifika ta ɗauki sunanta da ajinta ta kai har wajen masu sayar da kaya a bakin ƙofa. A ofis ta tsaya, shi ya kishingiɗa yana juyi, ya ba ta tarihin bitar otal tun daga ranar farko, har da yadda bature mai horarwa ya dafa kafaɗarsa.

"Malam, yayana ne..."

"Kada ki katse ni, 'yata. Sauraro shi ne matakin farko na waraka."

Minti hamsin tana warkewa a tsaye. Da ya gama ya ce ta riƙe katin daidai ƙirji, ya ɗauke su hoto, ya manna a allon sanarwa. A ƙasa ya rubuta: Nasararmu ta Farko.

Kafin a tashi ranar sunanta ya koma Jan Kati. 'Yan ƙananan aji na bin ta suna hura usur da baki. Ta zo washegari, ta zo jibi. Daga nan kujerarta ta zauna babu kowa.

A nan ne baiwar mutumin ta fito. Kun ga da tana nan, akwai ja ɗaya mai ɓata lissafi. Da ta daina zuwa, sai makaranta ta koma kore zalla. Ya rubuta rahoto da manyan baƙaƙe: ɗari bisa ɗari. A gaban sunanta ya rubuta, "Ta samu sauƙi."

Akwai dai wata tsohuwa da ba ta fahimci kimiyya ba, Sista Mai Magani. Ɗakinta, wato ɗakin shan magani, na can ƙarshen baranda, gado biyu, kabad ɗaya, bango babu satifiket ko na rantsuwa. Kullum in an tashi sai ta karɓi littattafan ƙawar yarinyar, wadda suke zama benci ɗaya, ta cusa a jaka, ta taka har shagon tela. Ta zauna tana taya su sa maɓalli. Sai a kwana na tara yarinyar ta fara magana, Sista kuwa ko allurar ba ta ajiye ba, ta bar ta ta yi har ta gama.

Da labari ya kai wa Kodineta, sai ya kai ƙara wajen Sista Shugaba, mai riƙe da makarantar, a rubuce, shafi biyu.

"Wannan shiga hurumi ne. Mutum ba shi da horo, ya je yana sauraron ɗaliba haka kawai babu fom!"

Sista Shugaba ta karɓa ta sa a ƙarƙashin kofin shayinta.

Sai ga sanarwa: Bishop zai ziyarci makaranta ranar Juma'a, jarrabawa kuma Litinin. Baba Kore ya sa yara atisayen ɗaga kati kwana uku a rana, hannun dama, sama sosai, a haɗa da murmushi. Ya ɗinka sabuwar kwat. Laktaye kore, hankici kore, har safa.

Ranar ta zo. Bishop, dattijo mai tabarau, na zaune a inuwa. Kodineta ya karɓi makirfo ya gyara murya sau uku.

"Mai girma Baba Bishop, lokacin da na karɓi makarantar nan zukata a rube suke. Ba yabon kai ba, amma abin da addu'a ta yi shekaru tana lallaɓawa, ni na kammala shi a zango ɗaya. Yau za ka ga farin ciki da idonka. Ɗalibai! Kati sama!"

Hannu ɗari shida ba ɗaya suka tashi. Dama, sama sosai, har da murmushin da aka koya musu.

Ja. Tun daga layin gaba har jikin katanga, ja.

Bishop ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya yafito ƙawar yarinyar, wadda ke tsaye a gaba tana riƙe da nata katin da hannu biyu.

"'Yata, me ya same ku haka?"

"Baba, wadda muke benci ɗaya sati biyar ba ta zo ba. Litinin jarrabawa. Malam ya ce ta warke."

Bishop ya juya. "Ina yarinyar take?"

Likitan Zukata ya buɗe fayil, ya rufe, ya sake buɗewa. "Ranka ya daɗe... ai ba ta cikin alƙaluma."

Gumi ya jiƙa laktaye. Numfashi ya sarƙe. Sista Shugaba ta tashi a hankali ta zare makirfon daga hannunsa, ta karanto muƙaminsa kaf, ba ta tsallake kalma ɗaya ba, ta ce ana neman sa a ɗakin shan magani yanzu-yanzu, domin a nuna masa kulawa nan take. Masu sayar da kaya a bakin ƙofa ma sun ji.

Ranar Litinin 'yar tela ta shigo, mamanta a dama, Sista Mai Magani a hagu. Sista Shugaba ta sa an ɗaure ƙararrawa da tsumma har a gama jarrabawa, lokaci da baki ake faɗa. Aka shirya wa yarinyar tebur a ɗakin shan magani, mai sa ido na zaune a bakin ƙofa. Sai aka ga babu kujerar kirki a ɗakin. Masinja ya je ya turo mai juyawar nan tun daga ofis har ƙarshen baranda, tayoyinta na kuka. A kanta yarinyar ta zauna, ta riƙe biro, ta rubuta har shafin ƙarshe. Ranar ce kujerar ta fara aikin da aka sayo ta dominsa.

Shi kuwa yana ofis a tsaye. Muna fatan jinin zai kai.

Amma kada ku yi saurin tafi. A tsayen ma rubutu yake. Sabon rahoton ya ce a karon farko a tarihi ɗalibai ɗari bisa ɗari sun bayyana damuwarsu, godiya ga tsarin kati, kuma yana neman izinin kai shi sauran makarantu. Wataƙila ta ƙaninka. Wataƙila ta 'yarki.

To ku iyaye, ku malaman da kuka yi zango guda kuna kallon silin, ku tsofaffin ɗalibai masu karantawa ku wuce sumul: waye Baba Koren makarantarku, kuma kujerar wa ce babu kowa a kai? Ku buɗe baki ku faɗa a nan ƙasa. Kada wanda ya kuskura ya ɗaga min kore.